Yadda ake haska wa siririn fim na kabon leza, a kuma auna yadda wutar lantarki ke bi ta cikinsa

Ranar da na fara ganin wannan abu da idona na daɗe ina kallon mitar awon wutar lantarki ban ce komai ba. Ɗan gilashi ne mai shafen kabon ruwan kasa-kasa, na ɗora masa wayoyin mita biyu ta ƙi nuna komai, alamar hanya a rufe take. Aka wuce da hasken leza a kansa sau ɗaya, abin da bai kai ƙiftawa biyu ba, wurin ya ɗan yi duhu, na sake ɗora wayoyin sai ga lamba ta fito. Ba a ƙara masa ƙarfe ba, ba a shafa masa komai ba, kabon ɗin nan dai ne, zaman atam-atam ɗinsa kawai ya canza. To wannan aikin nake so in bi da kai daki-daki, don da yawa suna ɗauka ƙara ƙarfin leza shi ne ƙara kyau, alhali wani ɗan siririn tsakani ne ake nema, ƙasa da shi babu abin da zai faru, sama da shi kuma fim ɗin ya tafi.

Kafin ka kunna komai sai ka san me kake canzawa. Atam ɗin kabon yana da hannu huɗu da yake riƙe maƙwabta da su. A cikin daimon duk huɗun a riƙe suke gam, shi ake kira sp3, babu ilektiron ko ɗaya da ya samu sararin yawo, shi ya sa daimon ba ya wuce da wuta. A girafait kuwa, wato irin baƙin cikin fensir, uku ne a riƙe, atam-atam sun jeru zobe-zobe masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, na huɗun yana sake yana yawo a saman shimfiɗar, wannan shi ne sp2, kuma shi ke wuce da wutar lantarki. Yawancin siraran fim da ake shafawa a ɗakin gwaji gauraye ne, ga sp3 ga sp2 a hargitse ba tsari. Akwai ƙananan tsibirai na sp2 a ciki amma ba su taɓa juna ba, sai ilektiron ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, tsallen nan shi ne turjiyar da mita ke nuna maka, wato wahalar da wuta ke sha kafin ta wuce. Abin da leza ke yi shi ne ta zuba zafi mai tsanani a ɗan wuri cikin ɗan lokaci, sp3 ya koma sp2, tsibiran su girma su haɗe, hanya ta buɗe.

Mataki na farko, ka tantance wane irin fim ne a hannunka, don ba duka suke amsawa iri ɗaya ba. Akwai kabon mai kama da daimon, wanda ake taƙaitawa DLC, shi ma kashi-kashi ne: mai haidirojin a ciki yana fara sakin haidirojin ɗin ya lalace tun wajen digiri 300 zuwa 400, wanda ba shi da haidirojin kuma sp3 ɗinsa ya yi yawa yana jure zafin da ya fi haka nesa ba kusa ba in babu iska. Akwai girafin oksaid (girafin shimfiɗa ɗaya ce ta girafait mai kaurin atam ɗaya), shi matsalarsa oksijin ne ya maƙale a jikin shimfiɗar ya toshe hanya, aikin leza a nan korar oksijin ɗin ne. A 2012 Maher El-Kady da Richard Kaner na jami'ar UCLA a Amurka sun yi wannan da lezar da ke cikin na'urar rubuta faifan DVD ta kwamfuta, irin mai zana hoto a bayan faifai. Sai na uku, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa, ledar poliimaid mai ruwan zuma da aka fi sani da Kapton. Ita ba ma fim ɗin kabon ba ce tun asali, lezar ce ke ƙirƙirar fim ɗin a samanta. Tawagar James Tour ta jami'ar Rice a Teksas ce ta bayyana wannan a 2014, da lezar CO2 irin ta yankan katako da roba, saman ledar ya koma girafin mai ramuka-ramuka kamar soso. In ba ka da injin shafa fim, da wannan za ka fara, duk abin da zan faɗa a ƙasa zai yi maka aiki.

Ka duba abin da fim ɗin ke zaune a kai ma. Dole ya zama mara wuce da wuta, gilashi ko kwaz ko silikon mai shafen oksaid a sama, in ba haka ba turjiyar gindin za ka auna kana cewa ta fim ce. Kuma gindin yana da hannu a zafi: silikon yana janye zafi da sauri, gilashi yana riƙewa, don haka saitin da ya yi daidai a kan silikon yana iya ƙone fim iri ɗaya a kan gilashi. Ka goge shi da isofurofanol, wato wani sinadarin alkohol na goge-goge, ka busar, ka daina taɓa shi da yatsa.

Mataki na biyu maganar ido ne da huhu, kuma ba na wasa da ita. Duk lezar da ta haura miliwat 500 tana aji na 4, wato ajin da ya fi haɗari, ko hasken da ya dawo daga jikin wani abu mai sheƙi ya isa ya lalata ido har abada. Tabarau ba kowanne ba, kowane tabarau an rubuta a jikinsa tsayin zangon hasken da yake tarewa, wanda aka yi don lezar kore ba zai kare ka daga ta CO2 ba. Ita CO2 tana aiki a maikiromita 10.6, ta Nd:YAG a nanomita 1064, dukansu ido ba ya ganinsu, ba za ka ma ƙifta ba sai dai ka ji ɓarna. Akwati a rufe, fankar zuƙe hayaƙi a kunne, kada ka bar injin yana aiki ka fita don leda tana kamawa da wuta. Kuma kada ka kuskura ka saka robar PVC don gwaji, hayaƙinta mai kulorin ne, yana cin huhu yana cin injin.

Na uku: ka auna kafin ka haska. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa saboda ɗoki, daga baya su rasa abin da za su kwatanta da shi. A nan zan ɗan daɗe don awon shi ne rabin aikin.

Mita mai waya biyu tana haɗa maka turjiyar fim da ta wayoyi da ta wurin da tsinin ya taɓa fim, ta ba ka jimla ɗaya, in ka ƙara danna tsinin lamba ta sauya, in ka sassauta ta sake sauyawa. Don leƙawa da sauri ba laifi, amma ba abin rubutawa ba ne. Abin da ake yi shi ne awo mai tsini huɗu a jere masu tazara ɗaya: na waje biyu su tura wuta, na ciki biyu su auna boltej kawai, tunda kusan babu wutar da ke bi ta na cikin to turjiyar mahaɗarsu ba ta shiga lissafi. Sai ka raba boltej da wutar da ka tura, ka ninka da 4.53, abin da ya fito shi ne turjiyar shimfiɗa, ana faɗinta da om, wato ma'aunin turjiya, a kowane murabba'i. Misali ka tura miliamfiya 1 ka karanta milibolt 10, rabawa ta ba ka 10, sau 4.53 ya zama om 45 da ɗoriya a murabba'i. Wannan 4.53 ɗin tana aiki ne in fim ɗin ya fi tazarar tsinayen siranta sosai kuma faɗinsa ya ninka tazarar sau da yawa, in ka matsa bakin gefe lambar za ta yi maka ƙarya. In samfurin ƙarami ne sai ka bi hanyar van der Pauw, wadda ya fitar a 1958, ka ɗiga mahaɗa huɗu ƙanana a kusurwoyi da man azurfa ka riƙa juya inda wuta ke shiga.

Maganar murabba'i tana rikita masu farawa, amma abu ne mai sauƙi. Murabba'in fim, ƙarami ne ko babba, turjiyarsa daga gefe zuwa gefe ɗaya ce. Layi mai tsawon milimita 10 da faɗin milimita 1 murabba'i goma ne a jere, in kowanne om 45 ne layin zai ba ka 450. Da wannan kaɗai za ka iya zana rizisto mai ƙimar da kake so.

Fim ɗin da bai ga leza ba yana iya fin ƙarfin mitarka gaba ɗaya, musamman DLC mai sp3 da yawa ko girafin oksaid busasshe. Ka rubuta cewa ya wuce iyakar mita, ka rubuta iyakar, kada ka sa sifili ko ka bar gurbin fayau. Ka auna kauri kuma, ka ɗauki hoto a madubin ƙara girma.

Mataki na huɗu shi ne lissafin abin da kake zuba wa fim ɗin. Cewa na sa ƙarfi kashi 20 cikin ɗari ba ya gaya wa kowa komai, kashi 20 na injinka daban da na wani. In lezarka mai bugu-bugu ce, irin eksaima ta KrF mai nanomita 248 ko Nd:YAG, abin da ake faɗi shi ne kuzarin bugu ɗaya a raba da faɗin wurin da ya sauka. Milijul 20 a kan tabo mai milimita 2 sau 2, wato 0.04 na murabba'in santimita, ya zama jul 0.5 a murabba'in santimita. In mai ci gaba da haske ce sai ka raba wat da gudu: wat 5 a gudun milimita 100 cikin daƙiƙa ya ba ka jul 0.05 a kowace milimita. Ka ga ke nan rage gudu da rabi kusan daidai yake da ninka ƙarfi. Sannan akwai hawan tabo a kan tabo, in leza na bugu 20,000 a daƙiƙa tana tafiyar milimita 200, tsakanin bugu da bugu maikiromita 10 ne, in faɗin tabon 50 ne to kowane wuri ya sha bugu wajen biyar ba ɗaya ba. Tazarar layi da layi ma haka. Duk ka rubuta su, har da nisan ruwan tabarau na leza daga fim.

Yanzu sai na biyar, wanda shi ne zuciyar aikin. Kada ka haska samfurin gaba ɗaya da saiti ɗaya. Ka zana gidan dara a kansa, ƙananan murabba'ai kamar milimita 8 ko 10 kowanne, ka bar tazara tsakaninsu don zafin wannan kada ya shafi wancan, daga hagu zuwa dama ƙarfi na ƙaruwa, daga sama zuwa ƙasa gudu na canzawa, sannan ka bar gida ɗaya ko biyu ba a taɓa ba su zama shaida. Ka fara daga ƙarfin da kake ganin ya yi kaɗan ƙwarai. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka canza ƙarfi da gudu da nisa tare ka ga sauyi, ba za ka san wa ya kawo shi ba.

Iskar da ke wurin tana da nata tasirin. Kabon mara tsari yana fara ci da oksijin tun wajen digiri 400 zuwa 500, ya koma hayaƙi ya bar ka da fim da ya ƙara siranta. In fim ɗinka na nanomita ɗari ne ko ƙasa, ka yi aikin cikin argon ko naitirojin, ko da ɗan akwati ne mai taga da ake hura iskar a ciki. Kapton kam ana yinsa a iskar ɗaki ya fito lafiya. Wata dabara da ke taimakawa a kansa ita ce ka ɗan kauce wa tsakiyar fokas, tabon ya ƙara faɗi, zafin ya bazu, layuka su hau juna, sau da yawa wannan ya fi fokas mai kaifi ba da shimfiɗa mai laushi.

In ka gama ka bar shi ya huce, ka hure ƙurar a hankali, kada ka goge da tsumma.

Na shida, ka auna kowane gida aƙalla sau uku a wurare daban, ka zana jadawali: kuzari a kwance, turjiya a tsaye, kuma ma'aunin tsayen ya zama mai ninkin goma-goma don sauyin yana iya kai ninki dubu ko miliyan. Abin da za ka gani kusan kullum siffa ɗaya ce. Gidajen farko shiru, kamar ba a yi komai ba. Sai a kai wani ƙofa turjiya ta faɗo ƙasa warwas cikin gida ɗaya ko biyu, nan ne tsibiran sp2 suka haɗe. Sai ta ɗan kwanta a ƙasa, sannan ta fara hawa kuma, saboda yanzu leza ta fara kwashe fim ɗin, yana tsagewa, yana ɓarewa daga gindi. Gidan da kake nema yana cikin kwarin nan, ni kuma na fi son in zauna a tsakiyarsa maimakon daidai wurin da lamba ta fi ƙanƙanta in yana dab da hawa, don ƙarfin leza yana ɗan motsi daga rana zuwa rana, wanda ya zauna a bakin rami wata rana zai wayi gari a ciki.

Launi ba hujja ba ne, wannan na koye shi da tsada. Na taɓa zaɓar gidan da ya fi kowanne baƙi na ce shi ne, na shafe kwanaki ina maimaita saitinsa, da aka sa shi a madubi ashe duk tsaga ce kamar busasshen tabki, wuta sai ta yi ta zagaye kafin ta wuce. Na kusa da shi mai ɗan toka-toka shi ne mai kyan. Kumburi ma za ka gani a DLC kuma ba laifi ba ne, nauyin daimon giram 3.5 ne a kowane santimita kubik, na girafait wajen 2.2, don haka in sp3 ya koma sp2 dole wurin ya ɗan taso.

Wannan ya kawo mu ga kauri. Turjiyar shimfiɗa ita kaɗai ba ta gaya maka ingancin kabon ɗin ba sai ka ninka ta da kauri. Om 45 a fim mai maikiromita 20, irin na Kapton, ya ba da om-santimita 0.09, amma om 45 ɗin nan a fim mai nanomita 100 ya ba da 0.00045, wato na biyun ya fi na farko wuce da wuta sau 200 duk da mita ta nuna lamba ɗaya. Kuma ka lura leza ba lallai ta canza fim har ƙasa ba, musamman ta ultrabayolet da ake shanye haskenta a sama-sama, sai ya zama fatar sama ce kawai ta koma girafait, in ka yi lissafi da kaurin fim duka ka rage wa fatar daraja. Ka kuma auna ta tsawon layukan leza da ta gicciyensu, yawanci bin layi ya fi sauƙi, in bambancin ya yi yawa ka matso da layukan ko ka sake wucewa karo na biyu a gicciye.

Na bakwai, ka tabbatar da dalilin, kada ka tsaya a lamba. Na'urar Raman ita ce aminiyar mai aikin kabon, sunan ta samo daga C. V. Raman na Indiya da ya gano abin a 1928. Tana haska fim ta zana jadawalin hasken da ya dawo, a cikinsa tudu uku ake dubawa: D a wajen 1350, G a wajen 1580, sai 2D a wajen 2700. Fim mara tsari yana ba da tudu ɗaya mai faɗi kamar an haɗa D da G an dama, bayan leza sai ka ga sun rabu, sun siranta, G ya matsa sama wajen 1590 zuwa 1600, in har 2D ya fito fili to shimfiɗun girafin sun fara jeruwa. Ga inda ake zamewa: a girafait mai kyau tashin D alamar lahani ne, amma a kabon mara tsari tashin D alamar zobba sun fara samuwa ne, wato tsari ke shigowa. Andrea Ferrari da John Robertson na jami'ar Kambirij ne suka warware wannan a 2000, kuma har yau ina ganin ɗalibai suna karanta shi a juye su ce leza ta ɓata fim alhali gyara shi ta yi. Ka rage ƙarfin lezar Raman ɗin ma, ita ma leza ce, tana iya gasa wurin da kake aunawa.

In kana da halin canza zafi, akwai gwaji mai daɗi da ke nuna yadda wutar ke tafiya. Ka ɗora samfurin a farantin ɗumamawa ko ka sanyaya shi, kana auna turjiya a kowane mataki. Wanda bai sha leza ba turjiyarsa tana faɗuwa sosai in ya ɗumama, don zafi ne ke ba ilektiron ƙarfin tsalle, irin tsallen da masanin kimiyya Nevill Mott ya yi bayani. Wanda ya gasu da kyau kuwa ɗan kaɗan take motsawa, yawanci tana raguwa a hankali. Gangaren layin nan yana gaya maka ko tsibiran sun haɗe da gaske ko saura.

Abu na ƙarshe da nake yi kafin in yarda da saiti shi ne maimaici. Samfuri uku sababbi, rana daban, saiti ɗaya, sannan in ajiye su mako guda in sake aunawa, don girafin oksaid da girafin mai ramuka suna shan laima daga iska kuma lambarsu tana ja da baya ko gaba. In na leda ne ka lanƙwasa shi a jikin biro sau ɗari ka sake aunawa, in turjiya ta yi tsalle to tsaga ta shiga, sai ka koma gida ɗaya baya a jadawalinka inda kuzari ya ɗan ragu, ko ka rufe saman da siririn shafen roba ka bar wurin mahaɗa kawai a buɗe, ka ɗiga man azurfa a nan ka bar shi ya bushe sosai kafin ka ɗora waya.